Ranar Farko A Filin Tseren Motoci

Duk direban da ya shekara 10 yana riƙe da sitiyari bai taɓa kaɗe ko da akuya ba yana da hujjar ɗaukar kansa gwani. Amma akwai wuri guda inda irin wannan gwaninta ba ta raka mai ita nesa, watau filin tseren motoci. Can ne a ke danƙa wa mutum mota mai kujera 2, gajeruwa har kamar cikinta zai shafi ƙasa, a nuna masa hanya shimfiɗe, babu ɗan sanda, babu mai tahowa daga gaba, babu iyakar gudu sai wadda zuciyarsa ta yanka masa. Kafin ya kewayo sau 3 ya kan gane cewa abin da ya sani game da tuƙi bai kai rabin abin da ya rage masa ba.

Babu gwanin tseren da bai bi ta kan wannan rana ba, don kuwa da rarrafe yaro kan tashi. Cikinsu duka, labarin da ya fi dacewa mai karatu ya ji shi ne na Jim Clark, ɗan manomi daga ƙasar Sikotland, wanda ya zo na ƙarshe a tserensa na farko, bayan shekara 7 kuma ya zama zakaran duniya.

Ɗan manomi a Crimond

An haifi Jim Clark ran 4 ga watan Maris 1936 a ƙauyen Kilmany. Shi ne auta cikin 'ya'ya 5, kuma shi kaɗai ne namiji, saboda haka tun yana ƙarami kowa ya san aikin da ke jiransa, watau gonar ubansa da garken tumakin da ke cikinta. A 1942 iyalin suka ƙaura zuwa gonar Edington Mains kusa da garin Duns, daf da iyakar Ingila. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya koma gona. Tuƙi kuwa a kan tarakta da motar gida ya koye shi, a hanyoyin gona masu laka da santsi. Iyayensa ba su son zancen tsere ko kaɗan, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Mai ɗa namiji tilo da gona mai jiran magaji ba ya marmarin ya gan shi cikin wasan da a zamanin nan ya ke cin rayuka kusan kowace shekara.

Sai dai Clark yana da aboki, shi ma manomi, mai suna Ian Scott-Watson, wanda tsere ya shiga ransa. Motarsa DKW ce ƙirar Jamus, ta hawan yau da kullum. Injinta silinda 3 ne, bai cika lita ɗaya ba, irin wanda a ke gauraya wa fetur da baƙin mai kamar na ƙananan babura, ƙarfinsa kuma bai wuce na doki 40 ba. A watan Yuni 1956 suka ɗauki hanya zuwa Crimond, can arewa maso gabashin Sikotland, nesa da gida. Scott-Watson ne zai yi tsere, Clark kuwa ɗan rakiya ne, mai duba taya da zuba mai.

Crimond tsohon filin jiragen saman soja ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, Birtaniya ta wayi gari da irin waɗannan filaye barjat, babu sauran mai bukatarsu. Masu sha'awar tsere suka ga kwalta shimfiɗe a banza, sai suka jera dammunan ciyawa da gangunan mai, suka mai da su wuraren tsere. Haka aka sami Silverstone a 1948, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 ran 13 ga watan Mayu 1950.

Lokacin gwaji, bayan Scott-Watson ya gama nasa kewayen, sai ya miƙa wa abokinsa motar ya ɗan taɓa. Yaron da bai taɓa shiga filin tsere da mota ba ya kewaya 'yan lokuta kaɗan, da aka duba agogo sai aka tarar ya fi mai motar sauri da sakan 3 a kewaye guda. Ga wanda bai san tsere ba sakan 3 ba kome ba ne. Amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowane sakan, watau ratar ta haura mita 80 a kewaye ɗaya, a kewaye 10 kuma ta doshi kilomita guda. Mota ɗaya ce, taya ɗaya, hanya ɗaya, bambancin duka yana hannun direba da ƙafarsa da idonsa.

Nan take Scott-Watson ya sa sunansa cikin tseren motoci masu kujera 2, waɗanda aka ƙera don gudu. 'Yar DKW ba sa'arsu ba ce, suka bar ta a baya, Clark ya zo na ƙarshe. Amma wanda ya riƙe agogo ya riga ya ga abin da ya gani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Yadda sabon shiga ke farawa a yau

Abin da Clark ya samu ta hannun aboki, yanzu ya zama sana'a mai tsari. Tun cikin shekarun 1950 wani ɗan tsere, Jim Russell, ya buɗe makarantar koyar da tuƙin tsere a filin Snetterton na Ingila, wasu kuma suka bi sawunsa. A yau manyan filayen Turai da Amurka su kan keɓe ranaku don mutanen gari. Mai lasin tuƙi ya na iya zuwa da motarsa, ko ya yi hayar ta filin tare da malamin da zai zauna a gefensa.

Ɗaya daga cikin wuraren da sababbin shiga suka fi zuwa shi ne Brands Hatch, a gundumar Kent, kudu maso gabashin Landan. Gajeren kewayensa bai cika kilomita 2 ba, yana kwance cikin kwari kamar ƙwarya, har mai kallo yana iya hangen kusan dukansa daga wuri guda. Tsakanin 1964 da 1986 an yi babban tseren Birtaniya na Formula 1 a nan sau 12, kuma Jim Clark ne ya ci na farkon.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka sabon shiga ya kan shafe safiyarsa bai ko taɓa totur ba. Da fari zai nuna lasinsa, ya sa hannu a takardar da ke cewa ya san akwai haɗari kuma ya yarda. A nan ne da yawa su ke fara jin cewa inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. In motarsa ce, za a auna ƙarar salansarta don kada ta dami maƙwabta, a kuma umarce shi ya kwashe duk tarkacen da ke ciki. Kwalbar ruwa guda da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta halaka mutum.

Sa'an nan a tara su a ɗaki a karanta musu doka. A filin tsere da tuta a ke magana, ma'aikata na tsaye a kowace kwana suna riƙe da su. Rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa. Ja na nufin an tsai da kome, kowa ya lallaɓa ya koma. Shuɗiya tana gaya wa direba akwai wanda ya fi shi sauri a bayansa. Mai ratsin ja da rawaya tana gargaɗin santsi, mai ko ruwa ya zuba. Baƙa kira ce ga mutum guda ya fito ya amsa tambaya. Mai gidan dara baƙi da fari ita ce ta tashi. A irin wannan rana ta koyo ba a tsere da kowa, ba a yarda a riƙe agogo ba, ba a kuma wuce mota a cikin kwana, sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka ƙayyade, bayan na gaba ya ba da wuri.

Ko zama ma sai an koya masa. Yawancin direbobi sun saba kishingiɗa nesa da sitiyari, hannu ɗaya a sama, ɗaya a taga. Malami zai matso da kujera har sai wuyan hannun ɗalibi ya iya hawa kan sitiyari kafaɗunsa na jingine, gwiwarsa kuma da sauran lanƙwasa ko ya take birki har ƙasa. Hannu biyu su riƙe sitiyari dama da hagu, daidai inda 9 da 3 su ke a fuskar agogo. A ɗaure bel tam, a sa hular kwano. Da hular ta rufe kunnuwa, abin da mutum ya ke fara ji shi ne numfashinsa da bugun zuciyarsa.

Kewayen farko

A kan fara da bin motar jagora a jere, sannu a hankali, don a ga hanya. Bayan wannan a sake su. Kwanar farko a Brands Hatch, wadda a ke kira Paddock Hill, ta shahara a duniyar tsere saboda mugun halinta. Direba na isowa gare ta a kan tudu, ba ya ganin abin da ke bayanta, sai ta karya dama ta kuma zube ƙasa lokaci guda kamar an janye hanyar. Hanjin mutum ya taso, sa'an nan a gindin gangaren nauyi ya danna shi cikin kujera. Kafin ya farfaɗo hanya ta haura tudu zuwa Druids, kwana mai naɗewa kamar ƙugiya, inda dole a rage gudu ƙwarai. Daga nan a gangaro zuwa kwanar Graham Hill, a bi ta Surtees da McLaren da Clearways, a ɓullo miƙaƙƙiyar hanya, sai ga Paddock Hill kuma ta sake tasowa.

Malami ba ya yawan magana. Kalmominsa ba su wuce birki, saki, juya, totur, sai kuma wadda ya fi maimaitawa, watau duba gaba. Kurakuran sababbin shiga kusan iri ɗaya ne ko daga ina suka fito. Su kan ƙura ido ga kwaltar da ke gaban hancin mota. Su kan damƙe sitiyari har yatsu su sandare. Su kan riƙe numfashi ba su sani ba. Su kan karya sitiyari tun kwana ba ta iso ba, don tsoro na ingiza su zuwa ciki, sai su tarar hanya ta ƙare musu a wajen fita. Su kan taɓa birki a hankali su daɗe a kai, kamar mai tsayawa a bakin kasuwa, alhali a filin tsere ana son a take shi da ƙarfi tun mota na miƙe, sa'an nan a riƙa sassautawa yayin da a ke shiga kwana.

Abin da ya fi ƙona rai kuma shi ne madubi. Mutum na cikin mota mai tsada, yana jin ya kai maƙurar gudu, sai ya ga shuɗiyar tuta, wata 'yar tsohuwar mota da ba ta kai rabin ƙarfin tasa ba ta wuce shi kamar yana tsaye. Wanda ya haɗiye wannan ya ba da hanya, ya fara koyo ke nan. Wanda zuciya ta ɗebe shi ya bi ta a guje, sau da yawa motar janwe ce ke fito da shi daga cikin tsakuwa.

Abin da ke riƙe da mota

Duk ƙarfin injin mota da nagartar birkinta, abin da ke haɗa ta da ƙasa wuri 4 ne kacal, kowanne bai fi tafin hannu ba, watau inda taya ta taɓa kwalta. Riƙon da taya ke yi wa hanya kamar kuɗin cefane ne, yana da iyaka. In an kashe shi duka a kan birki, babu abin da ya rage na juyawa. In an kashe shi a kan juyawa, babu na totur. Gwanin direba shi ne wanda ya iya raba wannan ɗan kuɗi, yana sakin birki daidai gwargwadon yadda ya ke ƙara karya sitiyari, yana ƙara totur daidai gwargwadon yadda ya ke warware shi.

Nauyin mota kuma ba ya zama wuri ɗaya. In an taka birki ya kan koma gaba, tayoyin gaba su ƙara kama ƙasa, na baya su yi sakayau. In an taka totur ya koma baya. Saboda haka wanda ya tsorata a tsakiyar kwana ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, ya sauke wa tayoyin baya nauyinsu ke nan a lokacin da su ke bukatarsa, sai gindin motar ya zame ya nemi wuce gabanta. Wanda kuma ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, zai karya sitiyari motar ta ƙi ji, ta miƙe abinta. Ƙara karyawa ba ya magani, sai an sassauta an bar tayoyin gaba sun sake kama ƙasa.

Akwai wani lissafi da kowane malami ke so ɗalibinsa ya haddace. In gudu ya ninka sau 2, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya ninkawa ta ke yi sau 4. Motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cin mita 44 a sakan guda, watau jinkirin sakan ɗaya wajen taka birki ya cinye kusan rabin filin ƙwallo.

Daga nan sai zancen layi. Hanyar tsere tana da faɗi, kuma duka faɗin na direba ne tun da babu mai tahowa. Ana tunkarar kwana daga gefen waje, a yanko zuwa cibiyarta ta ciki, a bar mota ta sake buɗewa zuwa waje wajen fita. Ta haka a ke miƙar da kwana gwargwadon iko. A ranakun koyo a kan ajiye alamomi a bakin hanya masu nuna inda za a taka birki, inda za a juya, da inda cibiya ta ke. Ka'idar da ta fi wuyar shiga kan sabon shiga ita ce a shiga kwana a hankali don a fita da sauri, domin gudun da aka fita da shi yana bin mota har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. A nan ne karin maganar nan ta sauri ya haifi nawa ta ke da cikakkiyar ma'ana.

Ido kuwa shi ne jagora. Hannu na bin inda ido ya kalla ko mutum bai yi niyya ba. Wanda mota ta zame masa ya ƙura wa shinge ido, shingen zai tarar. Shi ya sa a ke horar da ɗalibi ya riƙa kallon inda ya ke so ya je, tun yana shiga kwana idonsa na kan mafita.

Bayan minti 15 ko 20 a kan ɗaga tutar tashi. Ba a shiga gareji kai tsaye, sai an yi kewaye guda a hankali don iska ta sanyaya birki da inji. In an tsaya ba a jan birkin hannu, don ƙarfen ya yi zafin da zai iya manne masa. A duba iskar taya, wadda zafi ya ƙara mata ƙarfi, a duba fetur, wanda ya sauka fiye da yadda mai motar ya taɓa gani. Direban da kansa ya kan fito jiƙe da gumi, hannuwa na rawa, wuya ya ƙage, yana mamakin yadda zaman minti 20 a kujera ya gajiyar da shi kamar wanda ya yini noma. Da rana ta yi tsaka abubuwa su kan fara daidaita, ya ji kamar ya rage gudu alhali ƙaruwa ya yi, don ya daina kokawa da motar. Malamai sun fi sa ido a wannan lokaci, saboda tsoro ya ragu, gajiya ta ƙaru, gwaninta kuwa ba ta riga ta zauna ba.

Darasin Spa

Shi ma Jim Clark bai gama sanin abin da ya shiga ba sai bayan shekara 2. A 1957 ya ci tsere a filin Charterhall da motar Porsche ta Scott-Watson. A 1958 wata ƙungiyar 'yan tsere ta yankinsu mai suna Border Reivers ta ba shi Jaguar D-Type, irin motar da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa shekara 3 a jere, 1955 da 1956 da 1957. Injinta silinda 6 ne, mai ƙarfin doki wajen 250, watau ya ninka na DKW fiye da sau 6. A filin Full Sutton ya zama mutum na farko da ya kewaya wani filin Birtaniya da irin wannan mota a matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa.

A watan Mayu na shekarar aka kai shi Spa, a ƙasar Beljiyam, tserensa na farko a ƙasar waje. Spa ta wancan zamani hanyar gari ce mai tsawon kilomita 14 cikin duwatsu da daji, ga gidaje da itatuwa da turakun waya a bakin kwalta, ruwa kuma na iya sauka a gefe guda ɗaya gefen na bushe. Wanda ya saba da filin jirgin sama, inda in mota ta kauce ciyawa za ta shiga, ya ga abin da bai taɓa gani ba, kuma daga baya bai ɓoye cewa ya tsorata ba. Ana cikin tseren, Archie Scott Brown, ɗan ƙasarsu kuma gwanin da a ke ji da shi, wanda ke fafatawa da Masten Gregory na Amurka a kan gaba, ya zame a inda ruwa ya jiƙa hanya. Motarsa ta kife ta kama wuta, washegari ya rasu yana da shekara 31. Clark ya gama na 8.

Tun daga ran nan bai ƙara son Spa ba. A 1960, a tserensa na 2 na Formula 1, direbobi 2 suka mutu a wannan fili rana guda, Chris Bristow da Alan Stacey, na biyun abokin aikinsa ne a kamfanin Lotus. Duk da haka ya ci babban tseren Beljiyam a Spa sau 4 a jere, daga 1962 zuwa 1965. Tsoron bai bar shi ba, shi ma bai bar tsoron ya riƙe masa sitiyari ba.

Shigarsa Lotus ma a Brands Hatch ta samo asali. Ran 26 ga watan Disamba 1958 ya yi tsere a can da mota ƙirar Lotus Elite, ya zo na 2 a bayan Colin Chapman, mai kamfanin da kansa. Chapman ya riƙe sunan yaron, kuma Clark bai taɓa tuƙa wa wani kamfani mota a gasar duniya ta Formula 1 ba sai nasa. Ya zama zakaran duniya a 1963, inda ya ci tsere 7 cikin 10, ya sake zama a 1965, shekarar da ya ci tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka. Cikin manyan tsere 72 da ya shiga ya ci 25. Na ƙarshensu shi ne na Afirka ta Kudu ran 1 ga watan Janairu 1968, wanda da shi ya wuce 24 na Juan Manuel Fangio, gwanin Ajantina.

Ran 7 ga watan Afrilu 1968, a wani ƙaramin tsere na Formula 2 a Hockenheim ta ƙasar Jamus, motarsa ta kauce daga hanya cikin tsananin gudu ta afka cikin itatuwa. Babu shinge a wurin. An fi zaton tayar baya ce ta sace. Ya rasu yana da shekara 32.

Gadon da aka bar wa na baya

Mutuwar Clark ta girgiza 'yan tsere, don kowa ya ce in abin ya sami wanda ya fi kowa iyawa, to, babu wanda ya tsira. Abokinsa Jackie Stewart, shi ma ɗan Sikotland, ya riga ya ɗanɗana nasa a Spa a 1966, sa'ad da ya maƙale cikin motarsa wajen minti 25 fetur na kwarara a jikinsa, sai da 'yan'uwansa direbobi 2 suka ari sifana a hannun ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi. Stewart ya ɗaura ɗamarar neman gyara, ana yi masa gorin tsoro bai fasa ba. Sannu a hankali aka kafa shingayen ƙarfe, aka share fili a bayan kwanoni masu haɗari, aka tanadi likitoci da motocin kashe gobara a kowane tsere, a 1972 kuma aka tilasta ɗaura bel a Formula 1.

Sabon shigan da ya zame a Paddock Hill a yau, ya tsaya cikin tsakuwar da aka zuba don ta riƙe mota, ya fito yana kakkaɓe jiki ba abin da ya yi ciwo sai girman kansa, yana cin gajiyar wannan gwagwarmaya ne ko bai sani ba. Shi ya sa malamai ke sallamar ɗalibansu da gargaɗi guda kafin su kama hanyar gida. Abin da ya sa gudu ya yiwu a fili shi ne kowa na tafiya fuska ɗaya, babu mai tafiya a ƙasa, babu dabba, akwai mai tuta a kowace kwana da motar asibiti a tsaye. Babban titi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya kamata ɗalibi ya fita da shi daga ƙofa shi ne duban nesa, taushin hannu, da sanin tazarar da birki ke bukata. Gudun kuwa a bar shi inda aka same shi.

An binne Jim Clark a ƙauyen Chirnside, kusa da gonarsu. A kan dutsen kabarinsa an fara rubuta cewa manomi ne, kafin a ambaci zakarancin duniya. A Brands Hatch kuwa, kwanar ƙarshe da ke fitar da mota zuwa miƙaƙƙiyar hanya sunansa ta ke ɗauke da shi. Duk sabon shigan da ya kammala kewayensa na farko, ko da shi ne na ƙarshe a jerin, ta kwanar Clark ya ke bi.